Nazarin Lamari: Dattijon da Ƙwayar Zinki Ta Ƙarar Masa da Jan Ƙarfen Jiki

Dattijo ne ɗan shekara 63, ya zo asibiti da koke uku: gajiyar da hutu ba ya kore ta, ƙafafun da suka mutu tun daga yatsu har kusan gwiwa, da tafiyar da ta koma tangaɗi, musamman in duhu ya yi. Jininsa ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyin jininsa sun ragu ƙwarai, har an fara raɗe-raɗin cutar ɓargo. Abin da aka gano daga ƙarshe ƙarancin sinadarin jan ƙarfe ne, kuma silarsa ƙwayar zinki ce da aka rubuta masa ta wata uku, ya yi ta sha har kusan shekara biyu. Lamarin misali ne da aka tsara bisa yadda wannan matsala ta saba bayyana a rahotannin likitoci, ba fayil ɗin wani mutum takamaimai ba ne. Amma a kan wannan jeren abin ya saba zuwa, kuma kurakuran da ke cikinsa su ne aka fi maimaitawa.

Mafarin abin

Yana da ciwon suga na shekaru, yana shan metfomin, kuma sugan yana zaune lafiya. Ya karye a ƙafa aka yi masa aiki, sai wurin ɗinkin ya yi ruwa ya ƙi kamewa. Cikin gwaje-gwajen da aka yi masa yana kwance har da awon zinki a jini, wanda ya fito maikirogiram 52 a kowace desilita. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar daga 60 ko 70 zuwa 120 a matsayin daidai. Likitan da ya ga takardar ya haɗa biyu da biyu: miki ya ƙi warkewa, zinki ya yi ƙasa, ga kuma sanin kowa cewa fata tana buƙatar zinki kafin ta haɗe. Ya rubuta zinki salfet miligiram 220, sau biyu a rana, na wata uku.

A nan aka fara kauce hanya, kodayake babu wanda zai ga haka a ranar. A takardar nan guda, awon kumburi na CRP ya yi sama sosai, furotin ɗin albumin kuma ya yi ƙasa. Mafi yawan zinkin da ke yawo a jini a jikin albumin yake maƙale, saboda haka in albumin ya sauka, awon zinki zai bi shi ƙasa ko da jiki bai rasa komai ba. Ban da haka, duk lokacin da jiki ke faɗa da ƙwayoyin cuta yakan janye zinki daga jini ya ɓoye shi a hanta. Awon da aka yi wa mutum yana tsakiyar zazzaɓi da ruɓar miki ba ya faɗin gaskiyar abin da ke ajiye a jikinsa. Ko lokacin ɗibar jinin ma yana da tasiri, domin zinki yakan fi yawa da safe kafin a ci abinci, ya ragu bayan an ci.

Wannan kuskure ba baƙo ba ne. A 2015 wasu masana a Gilasgo da ke Sikotland sun duba fayilolin mutum 70 da aka rubuta wa zinki. Sun tarar da cewa a kashi 48 cikin ɗari, ƙarancin da aka gani a jini ya fi kama da aikin kumburi ko ƙarancin albumin, ba rashin zinki na haƙiƙa ba. Kashi 62 cikin ɗari an ba su adadin da ya isa ya jawo ƙarancin jan ƙarfe, amma mutum biyu kacal aka auna wa jan ƙarfen.

Mikin ya warke cikin makonni, da taimakon maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanki mai kyau. Shi kuwa dattijon zinki ya ba wa lambar yabon. Wata uku suka cika, babu wanda ya ce masa ya daina. Sunan ƙwayar ya shiga jerin magungunansa na kullum, tare da na suga, ana ta sabunta takardar ba tare da an tambayi dalilin ba ta tun farko ba. Bayan wasu watanni 'yarsa, saboda ƙauna, ta sayo masa wata ƙwayar «ƙarfafa garkuwar jiki». Ita ma tana ɗauke da zinki miligiram 50.

Lissafin da ba a yi ba

Adadin da ke jikin kwalba yakan rikitar da mutane, har da ma'aikatan lafiya. Miligiram 220 na zinki salfet nauyin gishirin ne gaba ɗaya; zallar zinkin da ke ciki kimanin miligiram 50 ne. Biyu a rana sun ba da 100. Ƙwayar da 'yarsa ta ƙara ta kai shi 150.

Babban namiji yana buƙatar miligiram 11 a rana, mace 8. Iyakar da hukumomin Amurka suka gindaya wa manya ita ce 40, idan an haɗa na abinci da na ƙwaya. A Tarayyar Turai ma 25 ce. Kuma dalilin da ya sa aka kafa iyakar a nan ba wani abu ba ne illa jan ƙarfe, domin shi ne abin da ke fara taɓuwa in zinki ya yi yawa. Jan ƙarfen da babba ke buƙata bai kai miligiram guda ba, maikirogiram 900 ne a rana, kuma duk abin da ke jikin mutum bai wuce miligiram 50 zuwa 120 ba, alhali zinki yakan kai giram biyu ko fiye. Ajiyar ƙarama ce, ba ta da wuyar ƙarewa.

Akwai wani abu game da adadin 150 da ya kamata ya sa kowane mai rubuta magani ya dakata. Shi ne daidai abin da ake ba wa masu cutar Wilson, cutar gado da jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa: miligiram 50 sau uku a rana, da niyyar hana hanji tsotsar jan ƙarfe. George Brewer na Jami'ar Mishigan ya yi shekaru yana aiki a kan wannan hanya, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da zinki asitet domin wannan cuta a 1997. Ke nan dattijon nan ya fi shekara yana shan cikakken maganin rage jan ƙarfe, shi da ba shi da rarar ko ɗigo.

Abin da ke faruwa a hanji

Ana tsotsar jan ƙarfe ne a tumbi da farkon ƙaramin hanji. Ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe bangon hanji suna da wani ƙaramin furotin mai suna metalotayonin, wanda aikinsa kama ƙarafa ne ya riƙe. Idan zinki ya yi yawa, waɗannan ƙwayoyi sukan ƙara yin wannan furotin domin su tare rarar. Matsalar ita ce metalotayonin ya fi son jan ƙarfe a kan zinki. Da zarar jan ƙarfen abinci ya shigo, sai ya ture zinkin ya maye gurbinsa, ya maƙale a nan. Ƙwayoyin bangon hanji kuwa ba sa daɗewa. Cikin 'yan kwanaki suke saɓulewa su bi bayan gida, sababbi su maye. Jan ƙarfen da suka kama tare da su yake fita. Har wanda jiki da kansa ke zubowa cikin hanji ta miyau da ruwan tumbi, wanda da a ce lafiya lau ne za a sake tsotse wani kaso nasa, shi ma haka yake salwanta. Saboda haka mutum yana cin abinci mai kyau, amma kullum asara yake yi.

Me ya sa wannan ɗan sinadari ke da nauyi haka? Saboda wasu muhimman inzayim, wato furotin masu tafiyar da ayyukan jiki, ba sa motsi sai da shi. Serulofilazmin a jini da hefastin a hanji su ne ke sauya ayon, wato sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata, zuwa siffar da za a iya ɗaukarsa a kai ɓargo. In babu su, ayon yana nan jibge a ma'ajiya amma ba ya isa inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa ƙwayar ayon ba ta gyara irin wannan ƙarancin jini. Saitokurom si oksides, matakin ƙarshe na samar da kuzari a cikin kowace ƙwayar halitta, shi ma da jan ƙarfe yake aiki, kuma jijiyoyi masu tsawo irin na laka sun fi kowa jin jiki in ya raunana. Akwai wanda ke ɗaure zaren kolajin a fata da ƙashi da jijiyoyin jini, akwai wanda ke sa launi a gashi da fata.

An san illar zinki ga jan ƙarfe tun da daɗewa. Ananda Prasad, likitan da ya fara bayyana ƙarancin zinki a jikin ɗan'adam a Iran a 1961 sannan a Masar, shi ne kuma tare da abokan aikinsa ya ba da rahoto a 1978 cewa masu cutar sikila da aka ba zinki mai yawa jan ƙarfensu ya faɗi. Makiyayan tumaki sun riga likitocin mutane sanin ɓangaren laka: tun shekarun 1930 aka gano a Ostareliya cewa 'yan tumakin da ake haifa suna tangaɗi a wasu makiyaya ƙarancin jan ƙarfe ne ke damunsu. A jikin mutane sai farkon shekarun 2000 aka fayyace abin sosai, musamman ta rubuce-rubucen Neeraj Kumar da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka.

Watannin da aka ɓata

Gajiya ce ta fara zuwa, bayan kamar shekara da fara shan ƙwayar. Awon himogulobin ya nuna giram 10 a desilita. Aka ba shi ayon. Bayan wata biyu ya sauka zuwa 8.4, ga shi kuma awon ajiyar ayon ɗinsa ya haura daidai. Aka leƙa tumbi da hanji da na'ura ana neman inda jini ke tsiyaya, ba a ga komai ba.

Sai ƙafafu suka soma. Da farko kamar ana tsikarinsa da allura a tafin ƙafa, daga baya ya ce ji yake kamar a kan auduga yake takawa. Mai ciwon suga in ya kawo wannan koke, amsar tana bakin kowa, haka aka ce masa jijiyoyin suga ne. Wani likitan ya tuna cewa metfomin na iya rage bitamin B12, ya sa aka auna. Ya fito a cikin iyaka amma ta ƙasa-ƙasa, aka yi masa allurai don kawar da shakku. Tunanin mai kyau ne, kuma ya kusa da gaskiya, domin ƙarancin jan ƙarfe da na B12 hanya guda suke ɓatawa a laka, wato igiyoyin baya masu kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda gaɓoɓi suke. A gadon asibiti ba a iya bambanta su da ido. Amma allurai suka ƙare, ƙafafu suna ƙara lalacewa. Ya fara dafa bango in zai shiga wuri mai duhu, in ya rufe ido yana wanke fuska sai ya nemi faɗuwa.

Abin da ya ɗaga hankali shi ne fararen ƙwayoyin jini. Nau'insu da ake kira niyutirofil, waɗanda ya kamata su haura 1,500 a maikirolita, sun koma 600. Ƙwayoyin daskarar da jini kuwa ba su taɓu ba. Dattijo mai ƙarancin jini da ƙarancin niyutirofil ba tare da dalili ba, dole a duba ɓargo. Aka ɗebo. An ga ƙananan ramuka kamar kumfa a cikin ƙwayoyin da ke zama jajaye da masu zama farare, an ga wasu da ayon ya kewaye cibiyarsu kamar zobe. Rahoton ya ce yana iya zama cutar lalacewar ɓargo da ake kira MDS, wadda a wasu mutane takan rikiɗe ta zama kansar jini. Gwajin ƙwayoyin gado bai nuna wata tawaya ba. An faɗa wa iyalin su shirya wa jinya mai tsawo.

A ganina, nan ne ya fi ciwo a duk labarin. Kowane likita ya yi abin da fanninsa ya koya masa, kuma babu wanda ya yi ganganci. Mai duba jini ya ga jini, mai duba jijiya ya ga jijiya, kowa da cutar da ta dace da rabonsa. Jerin magunguna yana manne a fayil, sunan zinki yana ciki ɓaro-ɓaro, amma ido yakan tsallake shi domin an ɗauke shi a matsayin «ƙarin lafiya», ba magani ba.

Inda aka farga

Likitar jijiyoyi ce ta haɗa zaren. Da ta gwada shi, ta tarar ba ya jin girgizar ƙarfen gwaji har zuwa gwiwa, ba ya iya faɗin ko babban yatsan ƙafarsa sama aka ɗaga ko ƙasa, amma in an buga gwiwar ƙafar takan zabura fiye da kima. Jijiyoyin suga sukan rage wannan zabura ne, ba sa ƙara ta. Wannan ya nuna matsalar a laka take. Hoton MRI ya tabbatar: wani haske mai tsawo a bayan lakar wuya zuwa ƙirji, irin wanda ake gani a ƙarancin B12. Tunda B12 ya riga ya cika har ya tumbatsa, sai ta ce a kawo mata duk wata kwalba da ke gidan.

'Yar ta zube su a tebur. Likitar ta ɗauki ɗaya ta juya bayanta.

«Baba, wannan tun yaushe kuke shan ta?»

«Tun aikin ƙafata, likita. Ita ta warkar mini da mikin nan.»

«Wannan ɗayar fa?»

«Wannan 'yata ce ta sayo mini. Ai ba magani ba ce, ta ƙarin ƙarfi ce.»

Ta tambaye shi ko yana sa haƙoran roba. Ya yi mamakin tambayar, ya ce a'a. Tambayar tana da tushe. A 2008 mujallar likitocin jijiya ta Amurka ta wallafa rahoton mutum huɗu da lakarsu ta taɓu saboda man liƙa haƙoran roba. Kowane giram na man yana ɗauke da zinki miligiram 17 zuwa 34, su kuma suna ƙarar da tubu biyu ko fiye a mako domin haƙoran ba su zauna musu daidai ba. A farkon 2010 kamfanin GlaxoSmithKline ya daina yin nau'in Poligrip mai zinki. Ta kuma tambaya ko an taɓa yanke masa wani ɓangare na tumbi ko hanji, domin tiyatar tumbi, har da ta rage ƙiba, tana sahun gaba cikin dalilan ƙarancin jan ƙarfe. Ba a taɓa ba.

Sakamakon ya dawo: jan ƙarfe a jini maikirogiram 11 a desilita, inda ake sa ran 70 zuwa 140. Serulofilazmin ƙasa da miligiram 5, inda ake sa ran 20 zuwa sama. Zinki 185.

Kafin a ba shi jan ƙarfe sai da aka yi wani taka-tsantsan da bai kamata a tsallake ba. Cutar Wilson ma takan nuna ƙarancin serulofilazmin da ƙarancin jan ƙarfe a jini, alhali hanta cike take da shi, kuma ba wa irin wannan mutum ƙari zuba mai ne a wuta. Abin da ke raba gardama fitsarin awa 24 ne: mai Wilson yana zubar da jan ƙarfe da yawa, mai ƙaranci kuwa kusan babu. Nasa ya fito ƙasa ƙwarai, awon hanta lafiya, idanu babu zoben da Wilson ke sa wa.

Magani

Matakin farko dakatar da zinki ne baki ɗaya, duka kwalabe biyun. Ba a rage shi a hankali, ba a kuma barin «kaɗan». Muddin zinki na shiga, hanji zai ci gaba da kame duk jan ƙarfen da aka ba da ta baki. Ko bayan an daina ma toshewar ba ta buɗewa nan take, domin rarar zinkin da ta taru a jiki a hankali take fita. Saboda wannan, da kuma yadda ƙafafun ke ƙara muni, aka fara masa da ta jijiya: miligiram 2 a rana na kwana biyar. Daga nan aka koma ta baki bisa tsarin da likitocin Mayo suka bayyana, wato miligiram 8 a rana a makon farko, 6 a na biyu, 4 a na uku, sannan a zauna a kan 2. Babu wani babban gwaji da ya tsayar da adadi guda. Tsari ne da aka gina bisa gogewa, ana daidaita shi da awon jini. An zaɓi jan ƙarfe gulukonet, domin binciken dabbobi ya nuna nau'in oksaid ba ya tsotsuwa sosai. An kuma dakatar da ƙwayar ayon, tunda ba rashinsa ba ne, kuma da zarar serulofilazmin ya farfaɗo wanda ke jibge zai fito aiki.

Jini ya amsa da sauri har abin ya ba iyalin mamaki. Cikin mako biyu niyutirofil suka haura 1,500. A mako na takwas himogulobin ya kai 12.6. Maganar MDS ta mutu da kanta. Haka aka saba gani: ɓangaren jini yakan daidaita cikin mako 4 zuwa 12, kuma yakan warke sarai.

Laka ba haka take ba. Abin da aka fi samu shi ne lalacewar ta tsaya inda ta kai, wasu su ɗan samu sauƙi, kaɗan ne ke komawa yadda suke. Tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a gano shi ne ke yanke hukunci. A wurinsa, daga tsikarin farko a tafin ƙafa zuwa awon jan ƙarfe an yi wata takwas. Bayan wata shida na magani da gashin ƙashi, tsikarin ya ragu, ya daina faɗuwa, amma yana tafiya da sanda, kuma har yanzu ba ya amincewa da ƙafarsa cikin duhu.

Tambayar ma'auni

Mutane suna son a ba su lamba guda: zinki nawa, jan ƙarfe nawa? Akwai lambar da ake yawan ambata, kuma tana da asali. Jagororin kula da waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Amurka sun ce a haɗa miligiram 1 na jan ƙarfe da kowane miligiram 8 zuwa 15 na zinki. Haka nan babban binciken AREDS kan lalacewar tsakiyar ido ta tsufa, wanda sakamakonsa ya fito a 2001, ya ba da zinki miligiram 80 tare da jan ƙarfe 2, kuma an sa jan ƙarfen ne musamman don kare mahalarta daga abin da ya sami dattijon nan. Sai dai ma'aunin ba lasisi ba ne. Wanda ke shan 150 ba tare da dalili ba, maganinsa ba shi ne ya ƙara jan ƙarfe 10 ko 15 a kai ba. Iyakar jan ƙarfe kanta miligiram 10 ce a rana a Amurka, kuma rararsa hanta take ci. Maganinsa ya daina.

Ya kamata a yi hattara da masu tallan «gubar jan ƙarfe» a intanet, waɗanda ke auna gashi ko su raba awon jan ƙarfe da na zinki, su ce wa mutum jan ƙarfe ya yi masa yawa, ya sha zinki ya wanke. Jan ƙarfen jini yana hawa ne tare da serulofilazmin, shi kuwa yana hawa da juna biyu, da ƙwayoyin tsarin iyali masu istirojin, da kowane irin kumburi, a daidai lokacin da kumburin ke saukar da zinki. Mace mai shan ƙwayar tsarin iyali ko mai fama da mura za ta iya fitowa da «ma'auni marar kyau» alhali babu abin da ya same ta. Awon gashi kuma sabulu da rini da ruwan wanka duk suna jirkita shi. In aka bi wannan shawara wata da watanni, garin gyaran gira sai a rasa ido.

Duk wannan ba ya nufin zinki abin gudu ne. Ƙarancinsa na gaske ya yaɗu a duniya, musamman inda abinci ya dogara kan hatsi da wake masu sinadarin faitet da ke hana tsotsarsa, kuma yana tsumburar da yara, ya raunana garkuwa, ya kashe ɗanɗano, ya ɓata fata. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a ba yaro mai gudawa zinki miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, ko 10 in bai kai wata shida ba, tare da ruwan gishiri da suga. Wannan ceton rai ne, kuma kwana goma sha huɗu ba sa ƙarar da ajiyar jan ƙarfe. Kada wata uwa ta karanta wannan lamari ta hana ɗanta. Bambancin yana cikin tsawon lokaci: wancan yana da ranar farawa da ranar gamawa. Shan zinki mai yawa don «garkuwa» kuwa, wanda ya bazu lokacin annobar korona, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Gwajin da asibitin Kilibland ya yi wa mutum 214 masu korona, aka wallafa a 2021, an dakatar da shi tun kafin ya kammala saboda zinki da bitamin C ba su rage kwanakin ciwo ba.

Da za a sake bin fayil ɗin dattijon daga farko, wurare huɗu ne abin zai iya tsayawa. Da an karanta awon zinki tare da CRP da albumin, ko an jira kumburi ya lafa an sake aunawa da safe, mai yiwuwa da ba a rubuta ƙwayar ba sam. Da an rubuta ranar dainawa a jikin takardar yadda mai sabuntawa zai gani, da ta ƙare a wata uku. Da akwai ƙa'idar cewa duk wanda zai wuce 'yan watanni yana shan abin da ya haura 40 a rana sai an auna masa jan ƙarfe da ƙidayar ƙwayoyin jini lokaci-lokaci, da an kama shi tun jini bai faɗi ba. Na huɗun shi ne mafi sauƙi: ƙarancin jini da ayon bai gyara ba, ga ƙarancin niyutirofil, ga ƙwayoyin daskarar da jini lafiya, wannan haɗin kaɗai ya isa a auna jan ƙarfe kafin a huda ƙashi. Wannan na huɗun ya zo ne lokacin da ƙafafu ba su yi nisa ba.

Yanzu ana auna masa jan ƙarfe da zinki da ƙidayar jini duk wata uku. Da zinkin ya sauko cikin iyaka, jan ƙarfen kuma ya zauna daidai a awo biyu a jere, aka dakatar da ƙwayar jan ƙarfen ita ma, tunda hanjinsa lafiya yake kuma abin da ya toshe shi ya kau. Barin sa a kanta har abada zai zama maimaita kuskuren farko ta ɗaya gefen. Abin da yake buƙata abinci zai ba shi, domin hanta da gyaɗa da dangoginta da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba duk suna da shi. An rubuta a saman fayil ɗinsa cewa kada a ba shi zinki sai an tuntuɓi likitar jijiyoyi, an kuma roƙi 'yarsa ta riƙa karanta bayan kowace kwalba kafin ta saya, har da ƙwayoyin ido da alewar tsotsa ta mura, domin su ma da yawansu zinki ne a ciki. Za a sake ɗaukar hoton lakar in shekara ta cika.